Ilmin Noma da Muhalli ga Ɗaliban Zamfara

Ɗalibin da ya tashi a Gusau ko Bungudu, yana ganin auduga da gyaɗa da fadamun kogin Sakkwato, in ya yi azamar neman ilmin noma, wajibi ne tun a sakandare ya dage da lissafi da Ingilishi da kimiyyar sinadarai da ta halittu, domin da su ake shiga jami'a. Digirin noma shekara 5 ne, kuma shekara guda daga ciki a gona ake yin ta, inda ɗalibi zai auna taki, ya duba ƙasa, ya yi kiwo da hannunsa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana koyar da shi, haka ma Jami'ar Ahmadu Bello, mai cibiyar bincike a Samaru.

Fannin muhalli kuwa, a ganina, shi ne aka yi wa sakaci, alhali gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010 ta bayyana tsananin bukatar masana ƙasa da ruwa. Mai sha'awar aikin duba-gari yana iya farawa daga kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe.