Ƙungiyar Yahudawa a sansanonin 'yan gudun hijirar Darfur

A shekarar 2005 ƙungiyar agaji ta Yahudawan Amurka, HIAS, ta fara aiki a sansanonin gabashin Chadi, inda mutanen Darfur suka fake. Galibinsu Musulmi ne.

An kafa ƙungiyar a New York sama da shekara 100 da suka wuce, domin karɓar Yahudawan da suka tsere wa kisan gilla a Rasha. Hujjarta daga Attaura take: a kyautata wa baƙo, tunda Bani Isra'ila ma sun yi zaman baƙunci a Masar.

Matsayin nan ya jawo mata ƙiyayya. A Oktoban 2018 wani ɗan bindiga ya kashe mutum 11 a wurin ibadar Yahudawa a Pittsburgh, bayan ya zargi HIAS da kwararo baƙi Amurka.