Riga Kan Riga: Shirin Fita da Asuba a Lokacin Hunturu

Mai karatu, hunturu ya kama. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iska tana busowa daga arewa maso gabas, ta ratso hamadar Sahara, ta iso mana a bushe, ɗauke da ƙura. A Tamale da ƙauyukan da ke kewaye da ita, awon zafi yakan sauka ƙasa da digiri 20 kafin gari ya waye, wasu ranaku har kusan 15. Da rana ta take kuwa sai ya haura 33. Ke nan a yini ɗaya jikinka zai sha ɗari, ya kuma sha zafi, kuma tufafin da suka yi maka daidai da ƙarfe biyar na asuba za su zame maka kaya kafin ƙarfe goma.

An rubuta wannan ɗan littafi domin masu sammako. Akwai samari 'yan ƙwallo da ke gudun safe a gefen titi ko a wajen filin wasa na Aliu Mahama. Akwai manomin da ke tuƙo keke daga Kumbungu ko Nyankpala da buhun masara zuwa kasuwar Aboabo, da ɗan dakon da zai sauke masa, da matar da ta ɗauko gawayi ko man kaɗanya a ka, da mai babur ko mai yalo-yalo da ya fara aiki tun da duhu. Dukansu suna fita cikin ɗari, kuma yawancinsu za su yi gumi kafin rana ta fito.

Me ya sa mai gumi yake jin ɗari?

Zafin jikin mutum mai lafiya yana wajen digiri 37. Idan kana gudu ko kana ɗaukar kaya, naman jikinka yana ƙara samar da zafi, sai jiki ya fitar da gumi don ya huce. Da bazara wannan alheri ne. Da hunturu kuwa iska a bushe take ƙwarai, tana shanye gumi da sauri, tana tafiya da zafin jiki tare da shi. Ka duba randa: jiƙewar bayanta da bugun iska su ke sa ruwan ciki ya yi sanyi. Haka jikinka yake cikin jiƙaƙƙiyar riga.

Ruwa yana janye zafi daga fata kusan sau 25 fiye da yadda iska take yi. Muddin kana motsi ba za ka lura ba. Amma da ka tsaya, ka zauna jiran mai saye, ko ka hau bayan mota zuwa gida, jiki ya daina samar da wancan zafin, riga kuwa tana nan a jiƙe. Nan ne kaɗuwar haƙora da rawar jiki suke farawa.

Mutane da yawa sukan sa babbar rigar sanyi guda ɗaya mai kauri a kan singileti. Bayan minti goma gumi ya jiƙe ta. In ka bar ta, kana dahuwa a ciki. In ka tuɓe, iska ta buge ka a jiƙe. Mafita ita ce riguna biyu ko uku marasa nauyi, ɗaya kan ɗaya. Iskar da ke maƙale tsakanin riga da riga ita ce take riƙe ɗumi, kuma kana iya rage su ɗaya bayan ɗaya yayin da gari yake ɗumama.

Riga uku, kowace da aikinta

Ta ciki. Aikinta ta ɗauke gumi daga fata ta bushe da wuri. Jesin 'yan ƙwallo da sauran riguna na yadin roba sun fi dacewa. Singiletin auduga yana shan gumi ya riƙe shi, ya daɗe bai bushe ba. Idan na auduga kaɗai gare ka, ka tafi da guda biyu, ka canza da zarar ka gama aiki mai ƙarfi.

Ta tsakiya. Aikinta riƙe ɗumi. Suwaita marar nauyi ko riga mai dogon hannu ta isa. Kada ta matse ka, domin matsattsiyar riga ba ta barin wurin da iska mai ɗumi za ta zauna.

Ta waje. Aikinta tare iska. Jaket marar kauri mai zif ya fi, saboda kana iya buɗe gaba ka sha iska ba tare da ka tuɓe ba. Batakari na saƙi ma yana tare iska sosai, kuma ya dace da mai zama a rumfa ko mai tafiya a hankali, amma ya yi wa mai gudu nauyi. Ledar ruwan sama tana tare iska, sai dai tana kulle gumi a ciki, don haka ba ta da amfani ga mai aikin ƙarfi.

Ba sai ka sayi sabo ba. Duk waɗannan ana samunsu wajen masu gwanjo. Ka wanke su da sabulu, ka shanya a rana su bushe sarai kafin ka sa.

Ka fita kana ɗan jin sanyi

Idan ka fito daga ɗaki ka ji ɗumi sosai tun ba ka fara motsi ba, ka sa kaya da yawa. Mai gudu da mai tuƙa keke ya kamata su ɗan ji sanyi a mintocin farko. Ka fara da tafiya, sannan sassarfa, kamar minti goma, kafin ka saki gudu. Da ka ji ɗumi ya fara zuwa, ka buɗe zif ko ka cire ta waje ka ɗaura a ƙugu tun gumi bai jiƙe ka ba. Idan ka gama, kada ka tsaya hira a iska. Ka tuɓe jiƙaƙƙiyar, ka goge jiki, ka sa busasshiya, ka mayar da ta waje.

Kowa da irin fitarsa

Mai gudu: riga biyu sun ishe ka a yawancin ranaku, jesi da jaket marar nauyi, da dogon wando. Ta wajen ta zama fara ko mai haske, domin duhun asuba da hazo suna hana direba hangen nesa. A Gana motoci suna bin hannun dama, don haka ka bi gefen hagu, kana fuskantar abin da ke zuwa.

Mai keke: kana gumi a baya, iska tana dukan ka a ƙirji. Ka rufe gaba, ka sassauta wuya. Ka sa riga busasshiya cikin leda ka ɗaure a kan kaya, ka canza in ka isa kasuwa.

Mai babur: kai ba ka motsa jiki, iska kuwa tana ƙaruwa da gudun babur. Kai ne ka fi bukatar riga uku cikakku, da safar hannu, domin yatsun da suka sandare ba sa kama birki da sauri. Hular sanyi ba ta maye gurbin hular kwano. Ka sa marar kauri a ciki, hular kwano a kai.

Ɗan dako: aikinka ɗauka ne da jira, ɗauka da jira. Ka cire ta waje in mota ta zo, ka mayar in an gama sauke kaya.

Ke kuma uwar gida mai ɗauko kaya a ka: ki sa riga mai dogon hannu a ƙarƙashin ta kullum, ki yafa gyale ko zani na biyu wanda za ki iya warewa ki naɗe in rana ta ɗaga. Idan kina da goyo, ki tuna ke ce kike tafiya kina jin ɗumi, shi kuwa yana zaune, kansa da ƙafafunsa a waje. Ki sa masa hula da safa. In bayanki ya jiƙe da gumi, rigarsa ma ta jiƙe, sai ki canza masa idan kin sauke shi.

Kai, hanci, hannu da ƙafa

Kunne da yatsu su ke fara jin ɗari. Hular sanyi ko ɗankwali mai rufe kunne yana taimako ƙwarai, ga shi da sauƙin cusawa a aljihu. Ka rufe hanci da baki da ƙyalle mai tsabta ko takunkumi. Yana rage ƙura, kuma yana sa iskar da kake shaƙa ta ɗan yi ɗumi da laima. Ka wanke shi kullum. Ka shafa man kaɗanya a leɓe, da hannu, da dunduniya don maganin faso. Ɗan kaɗan a bakin hanci yana rage bushewar da ke kawo haɓo.

Ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishirwa. Da hunturu gumi yana bushewa kafin ka gan shi, kuma kowane numfashi yana fitar da laima daga jiki. Idan fitsarinka ya yi kaɗan kuma ya yi ja, ruwan jikinka ya ragu. Koko ko shayi mai zafi kafin fita yana da kyau. Giya kuwa yaudara ce: tana buɗe hanyoyin jini na fata, ka ji kamar ɗumi, alhali zafin cikin jiki yana zurarewa.

Hattara da wuta

Yadin roba da muka ce ya dace da gumi yana da haɗari kusa da wuta. In ya kama, narkewa yake yi ya manne a fata, ƙunarsa kuma tana da zurfi. Kada ka tsuguna jin wuta da jesi ko jaket na roba, kuma kada a bar yaro kusa da murhu da irin waɗannan kaya. Zani da mayafi masu lilo ma suna kamawa da sauri.

Idan wani ya ƙone, a zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin har minti 20. Kada a ɓamɓare tufafin da ya manne. Kada a shafa ƙwai, ko man goge baki, ko manja, ko toka. A rufe da tsumma mai tsabta a kawo shi asibiti.

Kada kuma a kwana da gawayi yana ci a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga. Yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum cikin barci. Ƙarin bargo ya fi kaskon wuta.

Waɗanda ɗari ya fi yi wa illa

Jarirai suna rasa zafin jiki da sauri, musamman ta kai. A sa wa jariri riga ɗaya fiye da wadda babba ya sa, a jinkirta wankansa har rana ta fito. A taɓa cikinsa ko bayansa: in da sanyi a ƙara, in da gumi a rage. Bakwaini da ƙaramin jariri sun fi samun ɗumi a ƙirjin uwa, fata da fata, a lulluɓe su tare.

'Yan makaranta suna fita da ɗari su dawo da zafi. A sa musu suwaita a kan rigar makaranta, a koya musu cirewa in za su yi wasa.

Tsofaffi ba sa saurin jin cewa jikinsu ya yi sanyi. A duba su da asuba, a ba su abin sha mai ɗumi.

Mai sikila: sanyi, da jiƙaƙƙen tufafi, da ƙarancin ruwa a jiki duk suna tayar da ciwon ƙashi. Ka guji wanka da ruwan sanyi da safe, ka yawaita shan ruwa, kada ka zauna da gumi a jiki.

Mai asma: busasshiyar iska mai sanyi da ƙura suna toshe ƙirji, musamman lokacin gudu. Ka rufe hanci, ka fara a hankali, abin shaƙarka ya kasance a aljihu. Ranar da hazo ya yi kauri, ka haƙura da gudu.

Yaushe za a zo asibiti?

Tufafi suna kare jiki, amma mura da ciwon huhu da sanƙarau ƙwayoyin cuta ne suke kawo su, kuma lokacin rani ne sanƙarau ya fi yaɗuwa a arewacin Gana. Kada a ce "ɗari ne kawai" a zauna gida idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Yaro mai tari yana numfashi da sauri: sau 60 ko fiye a minti ɗaya in bai kai wata 2 ba, sau 50 ko fiye daga wata 2 zuwa shekara 1, sau 40 ko fiye daga shekara 1 zuwa 5.
2. Ƙasan ƙirjin yaro yana faɗawa ciki in ya ja numfashi.
3. Jariri ya yi sanyi, ya ƙi kama nono.
4. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, ko jijjiga.
5. Rawar ɗari da zazzaɓi. A yi gwajin jini, domin zazzaɓin cizon sauro bai ƙare don damina ta wuce ba.
6. Mutum ya daɗe cikin sanyi, ya rikice, magana tana sarƙe masa, ko barci yana fizgarsa. A cire masa jiƙaƙƙen kaya, a lulluɓe shi, a kawo shi nan da nan.
7. Ciwon ƙirji ko ɗaukewar numfashi lokacin gudu ko aiki.
8. Ciwon sikila ko asma da maganin gida bai kwantar ba.

Tun da dare ka shirya kayan fitarka: ta ciki, ta tsakiya, ta waje, da hula, da busasshiyar riga guda a leda, da gorar ruwa. Idan a gidanku ko a unguwarku akwai mai sammako da bai iya karatu ba, ka karanta masa wannan ɗan littafi. Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu ga bayan hunturu lami lafiya.