Zuwa magangarar ruwa: a yanke lokacin juyowa tun kafin a bar gida

Ranar Lahadi, 19 ga Maris, 2017, jama'a suna wanka a gindin magangarar ruwa ta Kintampo a ƙasar Gana, sai hadari ya taso da iska mai ƙarfi. Wata ƙatuwar bishiya ta tuge daga saman dutse, ta rikito a kansu. Mutum kusan 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban sakandare daga garin Wenchi da aka kawo yawon buɗe ido. Hankalin kowa yana kan ruwan da ke gabansa, alhali abin da ya hallaka su daga sama ya zo.

A 'yan shekarun nan zuwa irin waɗannan wurare ya zama yayi a wajenmu. Da hutun Sallah ko ƙarshen zangon karatu za ka ga motoci cike da matasa sun nufi Gurara a kan hanyar Suleja zuwa Minna, ko Matsirga kusa da Kafanchan, ko Assop a gangaren Jos. Masu ƙarfin gwiwa sukan tafi Farin Ruwa a ƙaramar hukumar Wamba ta jihar Nasarawa, inda ruwa ke zubowa daga tsayin da ya kai kimanin mita 150. Akwai kuma masu dogon buri, da ke bin hanyar Jalingo su wuce Bali su sauka a Serti, hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti. Wannan gandu, da aka kafa a 1991, shi ne mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000 tsakanin jihohin Taraba da Adamawa, kuma a cikinsa ne Chappal Waddi yake, tsaunin da ya fi kowane tsayi a ƙasar, mita 2,419. Ba na hana kowa zuwa. Wanda bai taɓa tsayawa a gaban ruwan da ke faɗowa daga dutse ba, feshi yana dukan fuskarsa, ƙara ta hana shi jin maganar na kusa da shi, an bar shi a baya wajen ganin ikon Allah. Abin da ke damuna shi ne yadda ake tafiyar: da silifa, da gorar lemo ɗaya, ba tare da an tambayi kowa ba, kuma babu wanda ya san ƙarfe nawa za a juyo.

Mu fara da ruwan kansa. Duk magangarar da ka gani, bakin wata babbar mazurara ce. Ruwan saman da ya sauka a kan tsaunuka masu nisan kilomitoci da yawa, ta kwari ɗaya zai tattaru ya biyo. A Gashaka-Gumti, rafukan da ke saukowa daga tsaunukan kan iyakar Kamaru su ne ke cika koguna irin su Mayo Kam, su zuba a kogin Taraba, shi kuma ya shiga Binuwai. Ke nan ana iya tafka ruwa a can sama, kai kuwa kana gindin dutse rana tana dukanka, ko ɗigo bai taɓa ka ba. Bayan ɗan lokaci rafi ya kawo. A ƙasa mai duwatsu ruwa ba ya samun inda zai nutse, gudu kawai yake yi, shi ya sa cikar takan zo farat ɗaya.

Amma ba ta zuwa ba sanarwa, sai dai a ƙi kula. Ruwan da ɗazu yake garai-garai zai fara gurɓacewa, ya koma ja ko ruwan ƙasa. Ganyaye da karare da guntayen itace za su fara wucewa. Dutsen da ka ajiye takalminka a kai yana bushe, sai ka ga ruwa yana lasar gefensa. Wani lokaci ƙarar magangarar kan sauya, ta yi kauri, a ji kamar gurnani daga sama. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ka gani, ka yi wa jama'a ihu a fito, a hau tudu ta gefe. Kada a bi kwarin rafi da gudu, ruwan ya fi kowa sauri. Kada a koma ɗauko jaka ko waya. In kuma rafin da kuka tsallako da safe ya cika kafin ku dawo, ku zauna ku jira ya janye, ko da za a kwana. Mutane suna raina nauyin ruwa. Ruwan da ya cika ramin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa mita ɗaya-ɗaya ne, nauyinsa kilo 1,000 ne, daidai da buhun siminti 20. In yana gudu, wanda bai wuce idon sawu da yawa ba ma yana iya kwashe ƙafar ƙato, balle wanda ya kai gwiwa.

Hadari kuwa, da zarar an ji tsawa a fita daga ruwa, a kuma nisanci dogayen bishiyoyi da ƙololuwar dutse. Tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa, kowace daƙiƙa uku na nufin nisan kusan kilomita ɗaya, don haka in tazarar tana raguwa, hadarin ku yake nufowa. Masana yanayi suna ba da shawarar a jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin a koma.

Sai santsi. Dutsen da ke kusa da magangara kullum a jiƙe yake da feshi, kuma gansakuka ta lulluɓe shi. Wata kore ce ana ganinta, wata kuwa baƙa ce siririya, sai ka taka za ka san tana nan. Wuri mafi muni shi ne leɓen dutsen daga sama, inda ruwa ke shirin faɗawa, domin a nan yakan yi kamar ba ya motsi, ga shi ba zurfi, sai mutum ya ce bari in ɗan shiga a ɗauke ni hoto. A watan Yulin 2011, a gandun dajin Yosemite na ƙasar Amurka, mutum uku suka tsallake shingen ƙarfen da aka kafa a saman magangarar Vernal, mai tsayin mita 97. Santsi ya kwashi ɗaya, sauran suka yi ƙoƙarin ceto, ruwa ya tafi da su duka a kan idon jama'a. Can ke nan, inda akwai shinge da allunan gargaɗi da ma'aikata. A yawancin wurarenmu babu ko ɗaya, shingenka shi ne hankalinka. Duk hoton da sai ka juya wa rami baya kafin ya yi kyau, ka haƙura da shi.

Gurbin da ke gindin magangara ma yana yaudarar gwanayen iyo, musamman waɗanda suka koya a kududdufin unguwa ko a dam. Farin kumfan nan da ake sha'awa ruwa ne cakuɗe da iska, ba ya ɗaukar jikin mutum yadda ruwan kwance ke yi. A ƙarƙashinsa kuma igiyar ruwa juyawa take yi, ta danna mutum ƙasa, ta ɗago shi, ta sake mayar da shi inda ruwan ke dukan dutse. Ga duwatsu da kututturan da damina ta jibge a ciki, waɗanda mai tsalle daga sama ba ya gani. Ga sanyi, wanda kan sa numfashi ya sarƙe, ƙafa ta riƙe. A ƙauyuka da dama za a gaya maka cewa gurbi kaza yana da masu shi, duk shekara sai sun ci mutum. Ba sai ka tsaya gardama ba. Ko me ka ɗauka game da bayanin, wurin da suka nuna maka ɗin wuri ne da aka sha ciro gawa, kuma wannan ya isa dalili.

In wani ya faɗa, kada a bi shi a ruɗe. Sau da yawa gawa biyu ko uku ake cirowa a inda da ɗaya ce. A miƙa masa doguwar sanda, ko a jefa igiya, ko jarkar da ba komai a ciki an rufe bakinta, mai miƙawar kuma ya kwanta ko wani ya riƙe shi. In an fito da shi ba ya numfashi, a daina ɓata lokaci wajen matsa masa ciki ko ɗaga shi ƙafa sama wai ruwa ya fita. A kwantar da shi rigingine, a buɗe hanyar numfashi, a hura masa iska ta baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi da sauri. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi asibiti, saboda ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da matsala bayan sa'o'i.

Duk waɗannan suna da sauƙin kaucewa in an kiyaye abu guda, wato lokaci. Tun 1892 wani mahayin tsaunuka ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar da lissafin da har yau ake amfani da shi: awa ɗaya ga kowace tafiyar kilomita biyar, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawa na mita 600. Wannan na mai lafiya ne da ya saba, ba hutu a ciki. Ayarin ɗalibai talatin, da mai ciwon ƙafa, da mai tsayawa hoto a kowace kwana, sai a ninka. Tafiyar ayari tafiyar wanda ya fi kowa rauni ce. Saboda haka a kama hanya bayan sallar asuba, a kuma yanke tun a gida cewa in azahar ta yi za a juyo, an kai ko ba a kai ba. Wahalar ke nan, domin a daidai lokacin ne ake jin ƙarar ruwan a gaba, wani ya ce saura ƙiris. Ƙiris ɗin nan ne ke kai mutane la'asar a gindin dutse, lokacin da hadarin damina ya fi haɗuwa, sannan magariba ta riske su a hanya. A ƙasarmu kuwa rana na faɗuwa duhu ke biyo baya, a cikin kurmi ma ya riga haka. Gangarowa da gajiyayyar gwiwa a cikin duhu, nan ake samun targaɗe da karaya, a inda babu sabis ɗin waya, babu mai acaɓa.

Zaɓen wata ma lokaci ne. Magangara ta fi kyau a tsakiyar damina, a nan ne kuma ta fi haɗari. A Gashaka-Gumti an fi shiga daga Disamba zuwa Maris, lokacin da koguna suka janye, hanyoyi suka bushe.

Kayan tafiya ba su da yawa. Kambas mai ƙasan roba da ke kama dutse, ba silifa ba, ba kuma sabon takalmin da zai yi maka kanta ba. Ruwan sha aƙalla lita biyu ga kowane mutum, da abin taɓawa irin su dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Tocila ta gaske, don ta waya tana mutuwa tare da cajin. Rigar sanyi a cikin leda, domin duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kusan digiri shida, jiƙaƙƙen mutum kuma a kan tsauni yana iya yin rawar ɗari ko a watan Maris. Mai asma, da mai ciwon sukari, da mai hawan jini, kowa ya riƙe maganinsa, ya kuma gaya wa shugaban tafiya. Ruwan rafi komai haskensa ba a sha sai an tafasa. Inda ya kwanta a gefe cikin ciyayi kuma a guji shiga, nan katantanwar da ke yaɗa tsargiya take zama.

Matambayi ba ya ɓata. A gandun daji na gwamnati doka ce a yi rajista a ofis, a biya kuɗin shiga, a tafi da malamin daji. Masu zagayewa ta bayan gari don kada su biya, ransu suke sayarwa da araha. Malamin daji ya san mashigin da ke ƙetaruwa yau, ya san inda dorina ke kwana a Mayo Kam, ya san sawun ɓauna sabo da tsoho. A wuraren da ba gandu ba, a fara gaida mai unguwa, a nemi ɗan gari ya yi jagora, a kuma tambayi lafiyar hanya, don kowa ya san halin tsaron da ake ciki. A bar wa wani a gida sunan wurin da lokacin dawowa, yadda in an ji shiru za a san inda za a nema. Kada a zura hannu a ramin dutse ko ƙarƙashin kututture. In kububuwa ko kasa ta sari wani, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau da igiya. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji, irin na Kaltungo a jihar Gombe da ya yi suna a wannan aiki.

Maganata ta ƙarshe ga shugabannin makarantu ce da iyaye. Malami ɗaya ba ya iya lura da yara arba'in a bakin ruwa, ko da idonsa goma ne. A raba su ƙungiya-ƙungiya, kowace da babba, a ƙirga su kafin a shiga da bayan an fito, a kuma ajiye mutum guda a kan tudu wanda ba ya wanka, ba ya hoto, aikinsa kawai duban sama da launin ruwa. Kai kuma uba, ke kuma uwa, in an kawo takardar neman izinin tafiya, ku tambayi wane ne ɗan jagora, manya nawa za su bi yaran, ƙarfe nawa za a baro bakin ruwa. In makaranta ta kasa amsawa, kada ku sa hannu.