Yadda masoya mujallun zane suke juya akalar manyan kamfanonin fim

A watan Afrilun 2024 an yi gwanjon wata tsohuwar mujallar zane a Amurka, aka saye ta kan dala miliyan 6. Mujallar ita ce fitowar farko ta Action Comics, wadda aka buga a 1938 ana sayar da ita santi 10, kuma a cikinta ne Superman ya fara bayyana. Samari biyun da suka ƙirƙiro shi, Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane, dala 130 aka biya su, suka sallama wa kamfani haƙƙin mallakarsa baki ɗaya.

Abin da ya ɗaga darajar wannan takarda daga santi 10 zuwa miliyoyi shi ne son da masu karatu suke yi wa jaruman cikinta. Wannan so ne jarin kamfanonin da suke mayar da mujallun zane da ƙagaggun labaran kimiyya zuwa fim, shi ne kuma makamin da masoya suke tanƙwara kamfanonin da shi.

Daga shafin wasiƙu zuwa dandalin taro

Abin ya samo asali ne a 1926, lokacin da Hugo Gernsback ya kafa mujallar Amazing Stories ta ƙagaggun labaran kimiyya a Amurka. Yana buga wasiƙun masu karatu haɗe da adireshinsu, sai suka fara rubuta wa juna, suna kafa ƙungiyoyi, suna buga ƙananan jaridu da kuɗin aljihunsu. A 1939 suka yi babban taronsu na farko a birnin New York, wanda mutum kusan 200 suka halarta.

Masu buga mujallun jarumai sun ɗauki wannan salo. A shekarun 1960, lokacin da kamfanin Marvel ya fito da Fantastic Four da Spider-Man da Black Panther, editansa Stan Lee yana amsa wasiƙun yara da raha, har ya sa mai karatu ya ji kamar da shi ake gudanar da kamfanin. Taron Comic-Con na birnin San Diego ya fara ne a 1970 da mutum kusan 300. A yanzu fiye da mutum dubu 130 ne suke zuwa duk shekara, kuma a can kamfanoni suke fara nuna somin-taɓin sababbin finafinansu. Irin waɗannan taruka sun iso Afirka: ana yin bikin Mboa BD a Kamaru tun 2010, ana kuma yin Lagos Comic Con a Legas tun 2012.

Masu karanta Faransanci ta birnin Lyon suka san jaruman Marvel. Kamfanin Lug ya fara fassara su a mujallar Fantask a 1969, amma hukumar da take sa ido kan littattafan yara ta ga faɗa ya yi yawa a ciki, mujallar ta tsaya bayan fitowa bakwai. A 1970 Lug ya dawo da wata mai suna Strange, yana gyara zanen don rage tashin hankali, kuma masu saye suka riƙe ta har ƙarshen shekarun 1990.

Me ya sa kamfanoni suke sauraron su?

Amsar ita ce kuɗi. Babban fim na jarumai yakan ci dala miliyan 200 ko fiye, ban da kuɗin talla. Mai zuba irin wannan dukiya yana son labarin da tuni yake da masu jiran sa, waɗanda za su cika gidajen silima a makon farko, su kuma tallata shi kyauta a shafukan sada zumunta.

Marvel ya ga amfanin haka. A ƙarshen 1996 kamfanin ya karye, har ya nemi kotu ta kare shi daga masu bin sa bashi. A 2008 ya fitar da Iron Man, fim na farko da ya shirya da kansa, a 2009 kuma Disney ya saye shi kan kusan dala biliyan 4. Black Panther na 2018 ya tara fiye da dala biliyan 1.3, Avengers: Endgame na 2019 kuma ya kusa biliyan 2.8.

Sai dai masoyi yana da wuyar sha'ani. Labarin da ya shekara talatin yana bi wata bayan wata, fim zai dunƙule shi cikin awa biyu, dole a yanke wasu mutane, a sauya wasu. Daga nan gardama take tashi. Littafin Dune na Frank Herbert, wanda ya fito a 1965, an matse shi cikin fim guda a 1984, bai samu karɓuwa ba. Da Denis Villeneuve ya raba shi gida biyu, a 2021 da 2024, kashi na biyu kaɗai ya tara fiye da dala miliyan 700.

Abin da masoya suka ƙwato

Hausawa suna cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A 1968 labari ya bazu cewa gidan talabijin na NBC zai dakatar da shirin Star Trek, sai masoya suka yi masa ruwan wasiƙu, aka ƙara wa shirin zango na uku. A 1976 suka sake rubuta wa shugaba Gerald Ford, aka sa wa kumbon gwaji na hukumar NASA suna Enterprise, sunan jirgin da ke cikin shirin. A zamanin intanet ma haka ne: bayan shekaru ana kiraye-kiraye, a watan Maris na 2021 kamfanin Warner ya fitar da Justice League mai tsawon awa huɗu, kamar yadda daraktansa na farko Zack Snyder ya tsara shi.

Nasarar da ta fi nauyi ta shafi waɗanda suka ƙirƙiro jaruman. A 1975, ana shirin babban fim na Superman, Siegel da Shuster sun tsufa cikin talauci, idon Shuster ma ya kusa mutuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masu zane irin su Neal Adams da Jerry Robinson suka kai maganar gaban 'yan jarida, masu karatu suka mara musu baya, har Warner ya amince zai riƙa biyan kowannensu dala dubu 20 a shekara, ya kuma mayar da sunayensu kan aikin. Bill Finger, wanda ya rubuta labaran farko na Batman a 1939, ya rasu a 1974 ba tare da an san shi a matsayin mai hannu a ƙirƙirar ba. Sai a 2015 aka fara sa sunansa kusa da na Bob Kane, bayan fafutukar jikarsa da wani marubuci da ya binciki tarihinsa.

Iyakar wannan ƙarfi

Masoya kaɗai ba sa mayar da kuɗin fim. Valérian, labarin zane na Pierre Christin da Jean-Claude Mézières da ya fara fitowa a 1967, yana da farin jini a Faransa. Luc Besson ya kashe kusan yuro miliyan 200 wajen mayar da shi fim a 2017, amma 'yan kallon Amurka ba su san labarin ba, cinikin bai kai yadda aka sa rai ba, kamfaninsa ya shiga matsalar kuɗi.

Wani lokaci kuma son yakan rikiɗe ya zama cin zarafi. A 2018 jaruma Kelly Marie Tran ta goge duk abin da ta wallafa a Instagram, bayan watanni tana shan zagi kan launin fatarta da kamanninta daga wasu da suke kiran kansu masoya Star Wars.

Batun rabon riba ma bai ƙare ba. Yawancin marubuta da masu zane a Marvel da DC aikin ƙodago suke yi: a biya su kuɗin shafi, jarumin ya zama na kamfani. Ed Brubaker, wanda shi da mai zane Steve Epting suka fito da Winter Soldier, ya bayyana a 2021 cewa kuɗin da ya samu daga 'yar gajeriyar fitowar da ya yi a fim ɗin ya fi abin da ƙirƙirar jarumin ta kawo masa.

Dokar Amurka tana kare irin waɗannan tsofaffin ayyuka na tsawon shekara 95. A ranar 1 ga Janairun 2034, labarin farko na Superman zai zama na kowa, Batman ya biyo baya a 2035. Daga lokacin duk mai alƙalami zai iya ɗaukar jarumin kamar yadda yake a 1938 ya gina nasa labarin, ko da yake tambarin kasuwanci da sauye-sauyen da aka yi masa daga baya za su ci gaba da zama a hannun kamfani.