Ƙwallon Ajwa, tuffa da inabi: abin da tsakar gida a Roni za ta iya da wanda ba za ta iya ba

Duk shekarar da alhazai suka sauko, za ka ga gwangwanayen madara jere a gindin randa a gidajen Roni da Kazaure, kowanne an binne masa ƙwallon dabinon Ajwa. Magana ta bazu cewa in dai daga Madina ƙwallon ya zo, Ajwa zai haifa. Tsirowa kam zai yi, dabino ba ya ƙin zafinmu. Sauran zancen ne babu ƙamshin gaskiya a cikinsa.

Dabino yana da namiji da mace, kowanne bishiyarsa daban. Cikin ƙwallaye goma da ka shuka, kusan rabi maza ne, kuma ba ka gane su sai ran da suka yi fure, bayan shekara biyar ko fiye kana ɗawainiyar ban ruwa. Macen da ta fito ma ba lalle ta gaji uwarta ba, domin ba ka san uban da ya barbare ta ba. A nan barewa takan yi gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mai son ainihin iri sai ya samo ɗan da ya tsiro a gindin uwa, a yanko shi da saiwarsa a dasa. Abin ba nisa: a Dutse akwai reshen cibiyar NIFOR da aikinsa ke nan, binciken dabino. Sannan sai barbara da hannu, a tsinko furen namiji a cusa cikin na mace a ɗaure. Namiji guda ya ishi unguwa.

Masu cewa inabi sai ƙasar Larabawa ko ta Turawa, su je Kudan kusa da Zariya su ga gonakinsa. Yana yi a nan ƙwarai, in an kafa masa rumfa, an tsare shi daga gara da awaki. Sirrin yana wajen aski: a sare rassan a lokacin da zai sa 'ya'yan su nuna cikin rani, don damina ruɓar da su take yi.

Tuffa ce ke yaudarar mutane, saboda ana ganin hotonta ta yi 'ya'ya a wani gida sai a ce ai ko'ina ma haka ne. Irin ta kan tire, wadda yawanci daga Afirka ta Kudu ake shigo da ita, tana bukatar sa'o'i ɗaruruwa cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba kafin ta yi fure. Hunturunmu, duk da yadda yake fasa mana kaushi a Janairu, bai kai nan ba. Akwai nau'in da ke haƙuri da ɗan sanyi kaɗan, kamar Anna da Dorsett Golden, amma sai 'yan aure, irin yadda ake yi wa mangwaro, kuma a ƙasashe masu zafi har tsige ganyen ake da hannu don a ruɗe ta ta ɗauka sanyi ya wuce. Ko a hakan, Jos da Mambila sun fi mu dacewa da ita. Ni dai ba zan ba ta wurin da gwaiba za ta zauna ba.

Sitiroberi gidanta Filato ne. A nan za ta iya ba ka 'yan ƙwayoyi a buhu tsakanin Disamba da Fabrairu, zafin Afrilu ya zo ya gama da ita. Mai launin shuɗi da ake tallar irinta a Facebook kuwa, babu ita, kwamfuta ce ta shafa mata shuni.

Kankana marar 'ya'ya ita ma ta sha ƙazafi, wai allura ake ɗirka mata a gona. Haɗin iri biyu ne ke ba da ita, kamar alfadari tsakanin jaki da goɗiya. Shi ya sa ba a ajiye irinta, kuma sai an shuka kankanarmu ta gida a gefenta, ƙudan zuma ya kai mata garin fure, sannan take ɗaukar ɗa.