Gidan Tarihi Ba Ɗakin Gumaka Ba Ne

Akwai maganar da ta zauna a bakin mutane da dama a ƙasar Haɗeja, har da nan Birniwa, cewa gidan adana kayan tarihi ɗakin gumaka ne. Masu wannan ra'ayi suna cewa abin da ake tonowa daga ƙasa kayan mutanen jahiliyya ne waɗanda zamaninsu ya shuɗe, don haka jera su cikin gilashi a manyan birane, ana kashe musu kuɗin gwamnati, ɗabi'a ce da Turawa suka bar mana. Wasu sukan ƙara da cewa wanda ya ci karo da irin wannan kaya a gonarsa, ko dai ya fasa ya huta, ko ya sayar wa dillali ya sayi hatsi. Yawancin masu faɗin haka kishin tauhidi ne ya sa su, kuma wannan kishi abin yabo ne. Sai dai hukuncin nasu bai yi daidai da abin da ke cikin gidajen ba.

Mu fara da maƙwabtanmu. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da itace a zurfin kusan mita 5. Bai faskara shi ya kai murhu ba, ya sanar, labari ya isa ga hukuma. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fito da shi ɗungurungum. Ashe kwalekwale ne, tsawonsa ya haura mita 8, faɗinsa kamar rabin mita, an fafe shi daga gungume guda, an sassaƙe gabansa da bayansa sun yi tsini. Awo ya nuna ya kai shekara 8,000. Ba a taɓa samun jirgin ruwan da ya girme shi a Afirka ba, a duniya ma sa'o'insa 'yan kaɗan ne. Yau yana ajiye a Damaturu. To, ɗan'uwa, ina gunki a nan? Masuncin da ke tuƙi a fadamun Haɗeja zuwa Nguru, in ya tsaya a gabansa, aikin ɗan sana'arsa zai gani. Kogin Komadugu Gana da ke kusa da Dufuna da kogin Haɗeja duk hanyarsu ɗaya, su bi Yobe su nufi tafkin Chadi, wanda a wancan zamani ya ninka na yau sau da yawa. Wannan gungume shaida ce cewa mutanen wannan kwari sun san ruwa, sun iya sassaƙa, tun kafin a gina dalar Fir'auna.

Akasarin abin da masu tono ke samu irin wannan ne: tsingaron tukwane, dutsen niƙa, duwatsun wuya, gatarin aradu, da kashin tama na tsofaffin maƙera. A gindin dutsen Dala an samu alamar narka ƙarfe tun wajen ƙarni na 7. A Birnin Kudu, cikin jiharmu, zanen da ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude shanu ya fi nunawa, har da marasa tozo, irin da ba a kiwo a nan yanzu.

Batun cewa duk labarin jahiliyya ne, kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani ta Katsina sun isa amsa. An fara tona su a 1907, aka sake a 1992. Cikin abin da ya fito akwai zinariya da hauren giwa da wuri da tasar ƙarfe ƙirar ƙasashen Musulmi na gabas, kayan da suka kai wajen ƙarni na 14. Wato a daidai zamanin da Musulunci ke kafuwa a biranen Hausa, manyan Katsina suna hulɗa da duniyar da ke bayan Sahara. Wanda ya fasa irin wannan tasa, wani ɓangare na tarihin zuwan addininsa ya fasa.

Gaskiya ne akwai siffofin mutane da dabbobi a wasu gidajen. Kawunan yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928, suna gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952. Gidan tarihin Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, ƙasarsa ce ta fitar da tukwanen kabari masu siffa na Bura. Ba na raina damuwar wanda ganinsu ke sa wa ƙyama. Amma bauta niyya ce da aiki. Ba wanda ke yanka ko durƙuso a gaban gilashin Jos. Lamba aka manna wa kayan, ana auna shekarunsu, ɗalibai suna rubutu. Sahabi Amru ɗan Asi ya buɗe Masar wajen shekarar 641, gine-ginen Fir'aunoni kuwa suna nan tsaye har yau. Alƙahira, birnin Azhar, tana da gidan kayan Fir'aunoni a dandalin Tahrir tun 1902. Riyad ta buɗe nata gidan tarihin a 1999, da sashen zamanin kafin Musulunci a ciki. Alƙur'ani kansa ya yi ta kiran mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su dubi yadda ƙarshen magabata ya kasance, kuma ba a duban abin da aka riga aka farfasa.

Ajiye kayan kakanni ma ba Bature ya koya mana ba. Fadar Daura na riƙe da takobin da ake dangantawa da Bayajida. Fadojinmu sun ajiye tambura da sulke da takubban sarakunan da suka gabata, ba wanda ya ce shirka ce. Gidan Makama na Kano, da ya zama gidan tarihi, tushensa na komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Mai sayarwa kuwa shi ya fi yin asara, ko da yake ina tausaya wa talakan da dillali ya miƙa wa kuɗi a tsakiyar damina. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikin waɗannan kaya da fitar da su ba izini. Ko ba doka ma, tukunyar da aka fizgo daga raminta ta rasa rabin amfaninta, domin zurfin da ta kwanta da gawayin da ke gefenta da ƙasar da ta rufe ta su ke faɗa wa masani shekarunta. Haka aka wawashe Nok da Bura, kayan suka ƙare a ɗakunan attajiran Turai, ba a san ramin da suka fito ba.

Inda masu ƙorafi ke da gaskiya shi ne gidajen sun yi wa mutanenmu nisa, bayanan jikin kayan kuma galibi da Turanci ko Faransanci suke. Wannan gyara yake so. Ƙasar da ke da Garun Gabas, wato Biram ta Hausa Bakwai, da tsohon garin Auyo, da ganuwar Haɗeja inda Sarki Muhammadu ya yi shahada a 1906, ta cancanci a bincika kufanta da kyau, a rubuta bayanin da Hausa, a kai 'yan makarantarmu su gani. Kafin nan, mai haƙar rijiya ko mai yanka bulo da ya ci karo da tsohuwar tukunya ya dakata da haƙa, ya bar ta a mazauninta, ya sanar da dagaci, dagaci ya kai maganar ga hakimi.