TAFIYA DA BINDIGA ZUWA WATA JIHA: ABIN DA DOKA TA CE

'Yan uwa mazauna Yargoje da sauran garuruwan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: A tarurrukan da muke yi da manoma da shugabannin unguwanni akwai tambayar da take yawan dawowa: “Idan zan yi tafiya zuwa Zamfara ko Kaduna, ko zan kwashe iyalina zuwa wata jiha, zan iya tafiya da bindigata?” Wasu kuma ƙaramar bindiga suke nufi, irin wadda ake sokewa a ƙugu.

Ba wanda zai ga laifin mai wannan tambaya. Mun ga sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020, mun ga harin da aka kai Yargoje a Yuni 2024 inda aka rasa rayuka da dama. Ga shi kuma muna bakin iyaka. Wanda ya bi hanyar Sheme da 'Yankara, kafin ya ankara ya shiga Tsafe ta jihar Zamfara. Mutumin Sabuwa kuwa, Birnin Gwari ta jihar Kaduna tana bayan gidansa. Amma tsoron hanya ba ya zama hujja a gaban alƙali. Don haka muka ga ya kamata mu bayyana dokar dalla-dalla, domin kada mai gudun wuta ya faɗa rijiya.

Dokar bindiga ta tarayya ce

Abu na farko, maganar makamai da harsasai tana hannun Gwamnatin Tarayya ita kaɗai. Tsarin Mulki na 1999 ya sa ta cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya ce kawai take yi wa doka. Babbar dokar ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda aka sake tattarawa cikin kundin dokokin ƙasa na 2004. Dokar da take aiki a Katsina ita ce take aiki a Gusau, Kaduna da Legas.

Wannan ya sa kalaman gwamna ba su zama lasisi. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a su tashi su kare kansu. A Yuni 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce mutane su nemi izinin riƙe bindiga, amma hukumomin tsaro na tarayya suka fito suka ce gwamna ba shi da wannan iko. Wanda aka kama da makami a shingen bincike, cewa “na ji gwamna ya faɗa a rediyo” ba zai fid da shi ba.

Bindigogi kashi uku ne

Doka ta raba bindigogi gida uku, kuma kowane gida da wanda yake ba da izininsa.

Kashi na ɗaya su ne haramtattun bindigogi. A ciki akwai bindigogin soja irin su AK-47, da mashinga, da gurneti da roka. A cikin wannan kashi ne aka sa ƙaramar bindiga kowace iri, fistol ce ko libarba, ta kamfani ce ko ƙirar maƙeri. Shugaban Ƙasa ne kaɗai yake da ikon ba da izinin riƙe su. Wanda aka samu da laifin riƙe ɗaya ba izini, ɗaurinsa ba ya kasa shekara 10.

Kashi na biyu su ne bindigogin amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu wadda ake karyawa a sa mata harsashi da hannu, da bindigar iska. Lasisinsu yana fitowa daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Riƙe su ba lasisi yana iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 5. A lura, bindigar farauta mai na'urar da take ɗura mata harsashi bayan kowane harbi, wadda ake ja a tura, an cire ta daga wannan kashi.

Kashi na uku su ne bindigogin da ake ɗurawa ta baki da albarushi, wato bindigar toka, adaka ko harba-ka-ruga, wadda iyayenmu suka saba farauta da gadin gona da ita. A nan ne kawai jiha take da ta cewa. Kwamishinan 'yan sanda na jiha, da amincewar gwamna, yana iya ba da umarnin hana riƙe ta sai da lasisi, a duk jihar ko a wani yanki nata. Wanda ya karya umarnin yana iya fuskantar tarar naira 1,000 ko ɗaurin shekara 2, ko duka biyun.

Kada ƙanƙantar wannan tara ta ruɗi kowa. Akwai wata doka ta 1984 a kan fashi da makami da bindigogi, wadda ta tanadi tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai kasa shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda ya riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Mai gabatar da ƙara yana iya kai mutum kotu da ita.

To, ƙaramar bindiga fa?

Amsa a taƙaice ita ce: manomi, ɗan kasuwa, direba ko ɗan banga ba shi da hanyar halal ta tafiya da ƙaramar bindiga zuwa wata jiha, domin tun a ɗakinsa ma doka ba ta yarda ya ajiye ta ba. Laifin ba a kan iyaka yake farawa ba, a hanya ne dai asiri yake tonuwa. Takardar mai gari, katin ƙungiya ko rasidin wanda ya sayar ba sa maye gurbin izinin Shugaban Ƙasa.

Matasanmu suna ganin bidiyo a waya daga Amurka, inda ake koya wa mutane yadda za su ƙetare jihohi da fistol a mota. Can kowace jiha da nata dokokin, shi ya sa a 1986 aka yi dokar tarayya da ta ba matafiyi damar wucewa, muddin bindigar halal ce a inda ya taso da inda za shi, an cire mata harsashi, kuma an ajiye ta inda hannu ba ya kaiwa. Wannan dokar Amurka ce. A Nijeriya ko ka cire harsashi ka kulle ta cikin akwati bakwai, in ba izini, laifin yana nan.

Mai lasisin bindigar farauta

Lasisin kashi na biyu daga hukumar tarayya yake fitowa, amma mutum ɗaya ya shafa da bindiga ɗaya mai lambarta. Ba a ara wa ƙane, ba a ba ɗa ya kai wa kawu. Harsashi ma yana ƙarƙashin lasisi: wanda aka samu da harsashi a aljihu ba takarda ya yi laifi ko da ba bindiga a hannunsa. Doka ta ba ɗan sanda ikon ya nemi a nuna masa lasisi da bindigar. Idan kuma ta ɓace ko an sace, wajibi ne a sanar da hukumar da ta ba da lasisin.

Doka ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. A 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya bayyana cewa an dakatar da ba da sababbin lasisi. Saboda haka duk wanda ya zo maka da alkawarin zai “fitar maka da takarda” in ka ba shi kuɗi, ka fara zuwa hedkwatar 'yan sanda ka tambaya. Takardar jabu ƙarin laifi ce.

Ga mai sahihin lasisi da tafiya ta kama dole, ga shawarwarinmu:

1. Ka duba lasisinka bai ƙare ba, kuma lambar da ke jikinsa ta yi daidai da ta jikin bindiga.
2. Ka je wurin Baturen 'yan sanda na yankinka kafin ka tashi, ka faɗi inda za ka da dalili, ka tambayi ko akwai wani umarni na musamman a jihar da za ka.
3. Ka cire harsashi, ka sa bindigar cikin jakarta, ka ajiye harsashin daban.
4. Ka riƙe ainihin takardar a jikinka, ka bar kwafi a gida.
5. A shingen bincike, kai za ka fara faɗa kafin a buɗe kaya. Hannuwanka su kasance a fili, kada ka kai hannu wajenta.
6. In ka isa za ka daɗe, ka sanar da ofishin 'yan sanda na wurin.

Bindigar toka: a nan iyaka take da tasiri

Da yake umarnin bindigar toka na jiha ne, abin da ba a tanka maka a kai a gida yana iya zama laifi bayan tafiyar awa ɗaya. A ƙauyenka mai unguwa ya san ka, jami'an tsaro sun san kai mai gadin gona ne. Da ka tsallaka, sanayya ta tsaya a baya, saura kai da takardarka. Haka ma katin aiki. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoba 2023 ta jihar Katsina ce, hurumin aikinta a Katsina yake. Katin 'yan banga ko na ƙungiyar mafarauta shaidar zama ɗan ƙungiya ne kawai.

A kuma sani cewa ba kowace ƙirar gida ce bindigar toka ba. Wadda maƙeri ya ƙera tana cin harsashin kwanso ta fita daga kashi na uku. In gajera ce ta riƙewa da hannu ɗaya, ta zama fistol a idon doka. Yanke bakin bindigar farauta ya koma ƙasa da inci 20 shi ma laifi ne.

Haɗarin bai tsaya ga kotu ba. A ƙarshen Maris 2025 wasu mafarauta 'yan jihar Kano sun taso daga jihar Ribas za su gida yin Sallah. A garin Uromi na jihar Edo 'yan banga suka tare motar da suka hau, suka ga bindigogin farauta, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, taron jama'a ya kashe mutum 16. Babu dokar da ta yarda da wannan kisa, zalunci ne tsantsa. Amma 'yan uwanmu masu zuwa cin rani da farauta a kudu su ɗauki darasi: a garin da ba a san ka ba, ba a jin harshenka, bindigar da ka ɗauka don tsaro tana iya zama abin da za a tuhume ka da shi kafin ka buɗe baki.

Direbobi da masu karɓar saƙo

Doka ta yi magana a kan wanda makami yake hannunsa ko ƙarƙashin kulawarsa, ba lallai sai mai shi ba. Buhun masara ko ƙunshin kaya da aka ba ka a tasha “ka miƙa wa wani a Tsafe” zai iya kai ka inda ba ka zata ba, kai da yaron motarka. Tun da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamba 2021, wanda aka kama yana kai musu makami ko harsashi yana iya fuskantar tuhumar ta'addanci. Mata da yara ma ana yaudararsu da ɗan kuɗi kaɗan su ɗauki kayan da ba su san cikinsa ba. Kada ka karɓi saƙon da ba a buɗe a gabanka ba. Ka sa shugabannin tasha su rubuta sunan mai kaya da lambar wayarsa.

Masu ƙaura da masu gado

Iyalai da yawa sun bar ƙauyukansu zuwa Funtuwa, Zariya, Kano da sauran wurare. Wajen ɗaure kaya a gurguje sai a cusa bindigar maigida cikin katifa. In mai lasisi ya rasu, doka ta ba magada kwana 14 kacal su riƙe bindigar. Bayan nan ba ta da izini, domin lasisi ba ya shiga rabon gado. Wanda yake da irin wannan a ɗaki, ko wata da ba ta da takarda, kada ya ɗauko ta ya hau mota da sunan zai kai wa hukuma. Ya fara sanar da mai gari ko hakimi, su yi magana da Baturen 'yan sanda, a shirya yadda za a karɓe ta, kuma a ba shi shaidar karɓa a rubuce. Akwai kuma Cibiyar Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2021 aka ƙarfafa ta da doka a 2024, aikinta tattara irin waɗannan makamai.

Tsallaka wa zuwa Nijar ta Jibiya kuwa magana ce dabam. Wannan fitar da makami ne daga ƙasa, yana buƙatar izini na musamman, kuma lasisin Nijeriya ba ya aiki a Maraɗi.

Abin da ya fi kare matafiyi

Bindiga ɗaya a cikin motar haya ba ta tare mutanen da suka fito da yawa da manyan makamai, sai dai ta jawo harbi a kan fasinjoji. Abin da jama'armu suka gwada suka ga amfaninsa shi ne tashi da rana a isa da rana, tambayar labarin hanya a tasha kafin a hau, tafiya cikin ayari, da sanar da na gida motar da aka shiga. Rigakafi ya fi magani.

Muna roƙon wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba, musamman direbobi, mafarauta da matasa masu shirin tafiya cin rani. Wanda nasa al'amarin yake da sarƙaƙiya ya nemi lauya ko ofishin ba da agajin shari'a kafin ya kama hanya. Allah ya tsare mu, ya kai kowa gida lafiya.